Ranar Da Na Ƙara wa Famfo Murya

A shekara ta uku da komawar soja bariki na rasa duk manyan masu hayar lasifikata a yammaci ɗaya. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Maɓallin murya na murɗa dama a inda ya kamata in murɗa hagu.

Sunana Ado. A Gyadi-Gyadi Ado Lasifika ake ce mini. Abin da ya sa nake ba da labarin nan, samari ne ke zuwa shagona yanzu da kwamfuta a jaka, suna cewa su ma masu kiɗan hayaniya ne, wai sun ji ni na riga su. Wani ya ce mini, "Baba, ai abin ba wuya, ka dai haɗa ƙara da ƙara." Na ce masa jaki ma yana haɗa ƙara da ƙara, ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma don ya saurare shi ba.

Aikin farko da aka damƙa mini rediyon wani mai shayi ce, mai batir huɗu, tana magana tana ƙugi kamar an kulle zuma a gwangwani. Maigidana Baba Lamidi, Bayarabe ne da ya tsufa a Kano har Hausarsa ta fi tawa, ya ajiye ta a gabana. Na kwance, na hure, na goge, na mayar. Tana ƙugi. Kwana uku ina abu ɗaya. Ran na huɗu ya lashi yatsa ya taɓa wata waya, ƙugin ya sauya. Ya taɓa ta kusa da ita, ya ɗauke. Ya ce, "Ido ka sa. Wannan sana'ar kunne ce." Ya murɗe mini kunnen don in san wanda yake nufi.

Shekara tara na yi a wurinsa. Kayan aikin ba su da yawa. Ƙarfen dalma, wanda in ba wuta muke cusa shi cikin garwashi. Filaya. Sukudireba biyu, ɗaya daga wayar keke aka feƙe ta. Tsohon buroshin haƙori. Sai mita wadda allurarta ba ta tashi sai an ɗana mata yatsa. Batir da harshe muke gwada shi. Boko ban yi ba, launin zanen da ke jikin ƙananan kayan na haddace yadda ɗan acaba ke haddace lungu.

Abu biyu ya koya mini da ba a sayarwa a kasuwa. Na farko, ƙugi da fito abokan gaba ne, duk inda ka ji su ka bi su ka kashe. Na biyu ya shafi taro. Ya ce mai lasifika shi ne mai ɗaukar kunyar mai taro. In mai jawabi ya manta sunan babban baƙo, ko ya saki ashar bai san makirfo a buɗe take ba, ko cikinsa ya riga shi magana, kai za ka kashe murya nan take, ka miƙe kana dube-duben waya. Jama'a su zage ka, su ce kayanka gwanjo ne. Ka haɗiye. Gobe mutumin zai sake kiranka, don ya san abin da ka yi masa, kuma har ya mutu ba zai faɗa ba.

Zamanin soja kasuwarmu ba ta wuce ɗaurin aure, maulidi, saukar karatu da bikin coci ba. Soja ba ya hayar lasifika, ya riga ya san za a ji shi. Da farar hula suka dawo, kowa ya tashi da abin faɗa. Wanda jiya in ya gaishe ka sai ka matso, yau yana neman lasifika huɗu. Wani ya ce in juya nasa su fuskanci gidan abokin takararsa. Wani ya ce, "Sa mini amsa-kuwwa, in na ce ruwa a ji sau uku." Na sa masa. Sau uku aka ji, ko sau ɗaya ba a gani ba.

A lokacin sunana ya fita. Lasifikar Ado ba ta fito, kuma Ado ba ya barin maigida ya ji kunya. Da wannan sunan na yi lasifika takwas, amfilifa uku masu ba su ƙarfin murya, janareto da babur. Da shi nake ciyar da mutum tara.

Wata Talata da hantsi wani dogon mutum ya sauko daga acaba rungume da amfilifa kamar mai kawo mara lafiya. Malam Gyang ke nan, mutumin Filato, malamin kimiyya a wata sakandare, yana zaune a Tarauni, ran Lahadi shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Amfilifar tsohuwa ce, irin mai ƙwan lantarki a ciki, sai ta yi zafi take magana.

"Injiniya," ya ce, "wayar wutar ce ta tsinke. Ita kaɗai za ka taɓa."

Na ce to. Kowa haka yake cewa. Da ya tafi na ɗaura wayar na kunna, sai na ji ƙugi kamar na tsohon raƙumi, da karkarwa, da wani tari da take yi in ka taɓa jikinta. Na ce bawan Allahn nan kunya ce ta hana shi faɗar gaskiya, bari in yi masa alheri. Na cire wasu ƙananan kayan ciki biyu da suka bushe, kondensa muke ce musu, na sa sababbi. Na sake dalmar da ta tsage. Na wanke maɓallan da fetur. Ta koma shiru kamar maƙabarta. Tsofaffin kondensar na jefa su cikin gwangwanin madara inda nake tara matattu.

Ran Alhamis ya dawo. Ya kunna, ya jira. Ya kara kunne. Ya ɗan mare ta a gefe.

"Ina Gwaggo?"

"Wace Gwaggo?"

"Muryarta. Injiniya, me ka yi mata?"

"Na gyara ta."

"Wa ya aike ka?"

"Kyauta na yi maka, Malam."

"Shekara shida ina lallaɓa ƙugin nan. Ka kashe mini shi kyauta!"

Masu shagunan kusa suka taru. Ba su taɓa ganin wanda aka gyara wa kaya yana roƙon a mayar masa da lalacewarsa ba. Mai facin layinmu ya ce a nemo danginsa kafin abin ya yi nisa.

Laifi dai nawa ne, ya ce waya kaɗai. Na zazzage gwangwanin a kan tebur. Matattun kondensa sun cika tafi huɗu, duk kamarsu ɗaya. Muka fara. In liƙa ɗaya, in kunna, mu jira ƙwan ya yi ja, ya rufe ido, ya ce, "Ba ita ba ce." In cire, in liƙa wata. Ranar farko ina zaginsa a ciki. Rana ta biyu wajen la'asar na liƙa wata, kafin ya buɗe baki na ce, "Wannan ta yi siriri. Ta Gwaggo ta fi kauri, kuma tana numfashi." Ya buɗe ido ya dube ni. Shekara ashirin ina kashe ƙugi, ban taɓa tsayawa na ji cewa kowanne da muryarsa ba. Rana ta uku muka same su. Dalmar da na sake kuwa sai da na tsaga ta da bakin reza, kaɗan-kaɗan, har Gwaggo ta koma tarinta.

Gyara kowa yana iya koya. Ɓata abu daidai yadda ake so, ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba.

Da zai tafi ya ce, "Ran Asabar bayan azahar ka zo Tarauni. Ka taho da lasifikar da ta fi ba ka haushi."

Na je ne don in ga ƙarshen hauka. Gareji ne a gidan Sista Rabi, nas ce a babban asibiti, ta kusa ajiye aiki. Mijinta Alhaji yana zaune a bakin ƙofa da jarida, ya toshe kunne da audugar da ta kawo masa daga wurin aiki. Ita tana ciki da hijabinta da rikoda uku a kan tebur. Kullum akwai ƙaramar rikoda a jakarta. Ta ɗauki kukan tayar gadon tura marasa lafiya, da fanka mai karyayyen kunne, da injin niƙa, da tattabaru a kan rufin kwano. Kaset ɗin take sawa, ta danne shi da yatsa ya ja ƙafa, ta sake shi ya zabura. Na tambaye ta a ina ta koyi wannan. Ta ce, "A wurin aiki, in inji ya sauya murya mutum ne ke shirin tafiya. Wanda bai iya sauraro ba ya nemi wata sana'ar."

Ni aka ba ni kusurwa. Lasifika ɗaya, makirfo ɗaya, da rediyo wadda zan tsayar tsakanin tasha da tasha. Malam Gyang ya ce in kusanto da makirfo bakin lasifika, wato abin da Baba Lamidi ya taɓa marina a kai. Na ce hayaniya suke so ko, za su samu. Na ƙure komai. Na yi ta yi har Alhaji ya ƙara auduga. Da na gaji na sassauta, sai na ga su biyun sun naɗe hannu.

Sista Rabi ta ce, "Malam Ado, ka gama? Mu ma mun zo."

Dokokinsu uku ne. Babu shugaba. Ba a shirya abin da za a yi, ba a maimaita na makon jiya. Na uku, duk sautin da ya shigo baƙo ne, dole a amsa masa. Akuya ta yi kuka a waje, Gwaggo ta amsa. Mai kwalabe ya wuce yana kira, Sista ta bi shi da tayar gado. Jirgin sama ya gifta, in tare shi da fito. Kiran salla kaɗai ba a amsa wa da inji. A kashe komai, mu mu tashi salla, Malam Gyang ya tsare kaya.

Ku masu kwamfuta, a nan wuyar take. Fito ba abu ɗaya ba ne, matakala ne. Faɗin yatsa ɗaya tsakanin makirfo da lasifika kuka ne, faɗin yatsa biyu nishi ne, ka karkata wuyan hannu kaɗan ya koma kamar guɗa daga nesa. Wata shida na yi kafin in iya riƙe fito ɗaya ba tare da ya ƙwace mini ba. Wannan ma mai sauƙin ne. Mai wuyar, ka ji abokinka yana neman wani abu bai same shi ba tukuna, ka ja da baya ka ba shi wuri. Akwai Asabar ɗin da na yi rabin sa'a ban fitar da komai ba, aka tashi Malam Gyang ya ce ranar na fi kowa. Shiru ma magana ce, amma sai ka san inda za ka ajiye shi.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Ran Juma'a in kashe fito a taron siyasa, ran Asabar in yi kiwonsa a gareji. Na ɗauka hannu ɗaya zai iya bauta wa iyayengiji biyu.

Onarabul ɗin yankinmu shi ne babban mai hayar kayana, kuma ta hannunsa sauran suke zuwa. Tela ne kafin zaɓe, kuma ba laifi a ɗinkinsa. Ya aiko a kira ni. Ya haƙa rijiyar burtsatse a wani layi tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, za a buɗe ran Asabar bayan la'asar, manya za su zo.

"Ado, an ce kana da ƙungiyar kiɗa."

"Ba irin wanda kake nufi ba ne, ranka ya daɗe."

"An ce har da malamin kimiyya. An ce irin na ƙasashen waje ne."

"Hayaniya ce, ranka ya daɗe."

"Kowa kalangu yake kawowa. Ni ba kowa ba ne. Kawo mini malamin."

Na kai shi. Na roƙe shi a hanya ya ce ba shi da lafiya, ya ƙi. Onarabul ya tambaye shi wane ne shugaban ƙungiyar.

"Ba mu da shugaba, Yallaɓai. Kowa da muryarsa, kowa yana sauraron kowa."

Onarabul ya buga cinya. "Dimokuraɗiyya ke nan! Kun ji ko? Abin da nake ta faɗa. To a wane baiti sunana zai fito?"

"Ba ma waƙa, Yallaɓai."

"To ku buga sunan."

Aka tsayar da magana. Zai yi jawabi, ya yanke ƙyalle, ya buɗe famfo. In sa makirfo a bakin famfon don a ji zubar ruwa har bakin titi. Ruwa na zuba, mu kuma mu biyo a hankali, minti biyar, kada mu firgita baƙi. Sista Rabi ta ce za ta zo, da sharaɗin a sa mata tebur a bayan rumfa, Alhaji a gefenta.

Ran Asabar tun hantsi ina wurin. Na ɗaure lasifika huɗu a kan turakun wuta, biyu a kan rumfa. Wurin ya sha fenti, tankin yana sama, sunan Onarabul a jiki da manyan baƙaƙe. Ina jan waya ta bayan ginin na lura babu wayar wuta ko ɗaya da ta shiga ramin rijiyar. Ba aikina ba ne. Wani ɗan garuwa ya ce mini da asuba tanka ta zo ta cika tankin. Ya ce kuma bututun baya ba a ɗaure shi sosai ba. Na dubi kurarsa, jarkokinsa a cike. Na dubi na abokansa, su ma haka. Wannan ma ba aikina ba ne.

Bayan la'asar wuri ya cika. Manya a kan kujeru, duk masu hayar kayana suna layin gaba. Matan layin sun jeru da bokitai a gefe, 'yan garuwa sun tsaya can baya suna kallo kamar waɗanda suka san ƙarshen labarin. Onarabul ya yi jawabi sa'a guda da rabi. Sau biyu na rufa masa asiri: sau ɗaya ya kira babban baƙo da sunan abokin gabarsa, sau ɗaya ya juya yana zagin direbansa. Duka biyun na kashe murya na miƙe ina dube-duben waya, aka zage ni, na haɗiye. Aiki yana tafiya daidai.

Ya yanke ƙyalle. Ya naɗe hannun riga. Ya ce bismillahi, ya murɗa famfo.

Famfo ya yi tari.

Lasifika shida suka kai tarin har bakin titi. Ya sake yi, sannan ya ja wani dogon numfashi, fuuu, ya biyo da ƙwal-ƙwal can cikin maƙogwaro kamar tsoho yana kurkure baki. Ruwa ko ɗigo.

Hannuna yana kan maɓalli. Na san aikina. In murɗa hagu, in miƙe, in ce janareto ne. A zage ni, sanƙira ya cika wurin da surutu, a ja Onarabul zuwa mota. An yi haka sau ɗari.

Amma Malam Gyang idonsa a rufe yake, kullum haka yake kiɗa. Bai ga fuskar kowa ba. Shi dai ya ji baƙo ya shigo. Ya ɗora tafi a jikin Gwaggo, ta yi tarinta. Famfo ya yi tari, Gwaggo ta amsa. Daga bayan rumfa, inda ba a ganin komai, na ji tayar gadon asibiti ta shigo a hankali tana kuka.

Kuma a rantse, numfashin famfon nan da ƙugin Gwaggo sun hau kan juna kamar tare aka haife su. Shekara biyu muna neman irin wannan a gareji ba mu samu ba. Matsala ɗaya, famfon ya yi ƙasa, Gwaggo tana danne shi.

Na murɗa dama.

Wasu daga baya sun ce jarumta ce. Wasu sun ce 'yan adawa ne suka saye ni. Duk ƙarya ne. Ban tuna da Onarabul ba sam. Na ji abokin kiɗa ana danne shi, na ba shi wuri, yadda na saba kowace Asabar. Sabo turken wawa.

Onarabul ya ƙara murɗa famfon. Muryar ta hau sama. Ya mayar, ta sauko. Ya jijjiga shi, ya yi karkarwa. Ya dunƙule hannu ya buga bututun, ƙwam, Sista Rabi ta amsa da injin niƙa. Ya sake bugawa, na tare shi da fito siriri. Duk abin da ya yi don abin ya tsaya, sai mu karɓa mu mayar masa. Jama'a ba su san ko cikin shirin ne ba. Babban baƙo har ya fara gyaɗa kai.

Sai wata tsohuwa a layin mata ta kifa bokitinta, ta ce da ƙarfi, "Ai mun san wannan waƙar. Ita muke ji kullum da safe!" Ta fara bugawa. Ta kusa da ita ta kama. Bokiti ya bi bokiti har ƙarshen layi. 'Yan garuwa suka shiga da jarkokinsu, nasu a cike, muryarsu ta fi kauri. Ba wanda ya ce a fara, ba wanda ya ja gaba, kuma ba wanda ya danne wani. Duk suna bin famfo, famfo yana hannun Onarabul.

Sanƙira ya iso kaina yana ihu. "Ado! Kashe! Kashe, don ubanka!" Ya manta makirfonsa a buɗe take. Wannan ma ta shiga.

Direban Onarabul ne ya yi hankali ya je ya kashe janareto. Inji ya mutu, bokitai suka ɗan ci gaba, suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Abu na ƙarshe da aka ji famfon ne, shi kaɗai, ba lasifika, yana fuuu.

Malam Gyang ya buɗe ido. Ya ce, "Injiniya, wa ke kan famfon nan? Yana da kunne."

Na nuna masa. Ya mayar da idonsa ya rufe.

Onarabul bai yi mini faɗa ba. Da zai shiga mota ya tsaya a gabana ya ce, "Ado, sau nawa kake kashewa a kan abin da bai kai wannan ba?" Gaskiya ya faɗa. Sauran na layin gaba suka wuce ni kamar turken wuta. Ba famfon ne ya dame su ba, kowannensu yana da irin nasa. Abin da suka gani shi ne mai lasifikar da ya ga maigida yana nutsewa ya ƙara murya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce baƙar shekarata. Babu ɗan siyasar da ya sake tako shagona, har 'yan adawar da aka ce sun saye ni. Ɗayansu ya aiko a gaishe ni, ya ce na burge shi, ya ɗauki mai lasifika daga Hotoro. Masu ɗaurin aure suka ji labari, suka ce kada in sa wa waliyyi kukan akuya. Babur ya tafi, janareto ya bi shi, lasifika takwas suka koma biyu. Na koma kan rediyon masu shayi da amfilifar masallatan unguwa, inda na fara. Uwargidana ta kama sayar da ƙosai a ƙofar gida, rana ɗaya da famfonmu ya yi tari, ta leƙo ta ce, "Malam, abokinka yana kira."

Ba mu daina Asabar ba. Abin da ya raba mu daban ne. Wata shekara gari ya rikice, Malam Gyang ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Motar ba ta da wurin Gwaggo. Ya kawo ta shagona a rungume, yadda ya fara kawo ta, ya ce, "Waya kaɗai, Injiniya." Na ce na ji. Sista Rabi ta ajiye aiki, Alhaji ya rasu, 'ya'yanta suka mayar da garejin shagon sayar da katin waya. Ashe ranar famfo ƙaramar rikodar jakarta tana kunne. Jikanta ne ya tsinci kaset ɗin ya ɗora a intanet, shi ya sa kuke zuwa.

Famfon ya daɗe a haka. Duk zaɓe a sake masa fenti, a goge suna a rubuta wani. Samari suka gano shi, suna zuwa da na'ura suna ɗaukar numfashinsa, wani har ya ce mini daga Legas ya taso. Bara aka sa wa rijiyar inji na gaske, ruwa ya zo. Uku daga cikin samarin suka shigo shagona rai a ɓace.

"Baba, sun ɓata famfon. Sun kashe masa murya."

Na ce, "Ku je ku faɗa wa matan layin. In kun dawo da haƙoranku, sai in koya muku riƙe fito."

Ɗaya ne ya yi dariya. Shi na ce ya dawo ran Asabar.

Ina nan a Gyadi-Gyadi, shago na uku daga mai faci. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana aiki. Onarabul ya koma ɗinkinsa, wani lokaci yana aiko da rediyonsa in duba, ina gyara masa ita tsaf. Gwaggo tana kan kantar shagon, na sa an rubuta a jikinta kada a gyara. Ran Asabar bayan azahar nakan kunna ta, in jira ƙwan ya yi ja, in ajiye hannu a kan maɓalli, in saurari abin da zai shigo daga titi.